Ku Tambayi Malam: Sojan La'asar da Sojan Bariki

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na ambata a fitowar da ta wuce cewa marigayi mahaifina tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yau, saƙonni ke ta shigowa daga Agege, Idi-Araba, Mile 12 har Alaba Rago. Na zaɓo uku, duk a kan kaki suke. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan a ajiye.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni tela ne a Obalende, a nan aka haife ni. Kakana, Allah ya jiƙansa, soja ne tun zamanin Turawa. Yakan ba mu labarin wasu mutane da yake kira "sojan la'asar". Wai da safe suna ofis da alƙalami, in an tashi aiki su sa kaki su ɗauki bindiga su yi fareti, da magariba kowa ya kama hanyar gidansa. Mu dai mun ɗauka raha ce irin ta tsofaffi. Shin an yi irin waɗannan sojoji a Ikko kuwa? In an yi, wane irin horo ake ba su, kuma me ya raba su da su kakana?

Ɗanka, tela a Obalende

AMSA

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, ba raha yake yi ba. Abin da idonsa ya gani ya faɗa muku, kuma sunan da ya laƙaba musu ya zauna daram. Mahaifina ma ya san su, har aiki ya haɗa su.

Turawan Ingila suna da wata al'ada duk inda suka kafa mulki. Ban da sojan albashi da ke kwana a bariki, sai su tara ma'aikatansu da 'yan kasuwarsu su kafa rundunar sa-kai. Tun 1854 suka yi haka a Singafo da Hong Kong. Dalilin a fili yake: su 'yan kaɗan ne a ƙasar da ba tasu ba, sojan albashi kuɗi yake ci, kuma ranar da yaƙi ya ɓarke za a kwashe bataliyoyi a kai su fagen daga, gari ya zauna fayau. To wa zai tsare tashar jirgin ruwa da gidan waya da ma'ajiyar mai? Sai akawu da injiniya da ma'aikacin banki. A Legas an yi hakan a 1914, sa'ad da aka tura sojojin Najeriya Kamaru su yaƙi Jamus, Turawan gari suka shiga sa-kai, wasu ta tudu wasu ta ruwa. Waɗanda kakanka ya gani kuwa na yaƙin Hitila ne. Sunansu Lagos Defence Force, wato rundunar tsaron Legas.

Kuma ba tsoron banza ya sa aka tara su ba. A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗa hannun Jamus, gwamnoninta da ke Dahomey da Nijar suka bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila. Dahomey ita ce Jamhuriyar Benin ta yau. Kai da ke Obalende ka san Kwatano ba nisa, in hanyar Badagry ta yi kyau wanda ya tashi da hantsi a can zai yi azahar. Ga shi a daidai lokacin an ɗebi sojojinmu zuwa Gabashin Afirka don yaƙar Italiya. Haka aka zauna cikin ɗar-ɗar har Nuwamban 1942, lokacin da Faransawan Afirka ta Yamma suka juya wa Vichy baya.

Horonsu da rawar soja yake farawa: tsayuwa a sahu, hagu-dama, juyawa, saɓa bindiga da sauke ta, a yi ta maimaitawa har jiki ya riƙa amsa umarni kafin kai ya gama tunani. Mutane da yawa suna raina wannan, suna cewa me buga ƙafa a ƙasa zai yi wa abokin gaba. Amfaninsa shi ne mutum talatin su koma kamar mutum ɗaya, ta yadda ranar da harsashi ya fara shawagi, ƙafa za ta yi abin da ta saba ko da zuciya ta tsinke. Bayan wannan sai harbi, sai fita daji a yi 'yan kwanaki a sansani, a koyi haƙa rami da gadin dare da tafiya da kaya a baya.

Abin da ya fi burge ni a tsarin sa-kai na Ingila shi ne komai a rubuce yake. Akwai littafin suna. In shekara ta ƙare za a buɗe shi: sau nawa ka zo fareti, ka yi harbin shekara, ka je sansani? In ka cika, a sa ka cikin waɗanda suka cancanta a wannan shekara. In ba ka cika ba, shekarar ta faɗi, ko kai wane ne a ofis. Wanda ya tara shekara 12 a haka yana samun lambar azurfa mai siffar ƙwai, da ƙyalle kore mai ratsin rawaya a gefe biyu, an rubuta sunan ƙasar da ya yi wa aiki a samanta. A 1930 aka ƙirƙiro ta, kuma shekarun yaƙi biyu-biyu ake lissafa su.

A filin harbi mahaifina ya san su. Kafin a ɗebe su mahaifina zuwa Indiya a 1944, akan tura shi da wasu farabiti su zauna a cikin ramin da ke ƙarƙashin allunan da ake auna wa. In an harba, su janyo allo ƙasa, su nemo inda harsashi ya huda, su nuna wurin da faifai a kan doguwar sanda, su liƙe hudar da takarda, su mayar da allo sama. In mutum ya kuskure allon gaba ɗaya, sai a kaɗa masa tuta. Ya ce daga cikin ramin ba ka ganin fuskar kowa. Sai dai ka ji ƙarar harsashi a bisa kanka, tas, sannan ƙasar tudun baya ta yi tsalle. Amma ta huda kake gane mutum. Mai tsoron dukan gindin bindiga a kafaɗa, harsashinsa ƙasa yake yi. Mai fizgar kunama maimakon ya matsa ta a hankali, nasa gefe yake zuwa. Ya ce a makonnin farko har damtsensa ke ciwo don kaɗa tuta. Bayan 'yan watanni sai ga huda biyar wuri guda, tafin hannu ya rufe su. Bai taɓa raina su a kan wannan ba, yakan ce mutumin da ya wuni a kan teburi ya zo ya kwanta a yashi da rana ya koyi abu har ya iya, ya cancanci a gaishe shi.

Bindigar Lee-Enfield ce, mai cin harsashi 10. In an gama harbi sai a tafasa ruwa a ɗura a bututun, domin harsashin wancan zamani yana barin wani gishiri mai cin ƙarfe, ga iskar teku ta Ikko da ba ta raga wa ƙarfe ko kaɗan. Sannan a ja tsumma da igiya, a shafa mai. Wajen dubawa sai ka sa farcen babban yatsanka a gindin bututun don ya maido haske, saje ya leƙa ta baki. Tsatsa ko ɗigo ɗaya laifi ce.

To a kan wannan ɗigon tsatsa hanya ta rabu, kuma a nan amsar tambayarka ta ƙarshe take. Ɗan sa-kai farar hula ne da ya ari kaki. Dokar soja ba ta hawa kansa gaba ɗaya sai an kira shi aikin yaƙi. In ya yi sakaci, a yi masa faɗa, ko a ci shi tara, in abin ya yi yawa a soke sunansa, gobe ya koma ofishinsa da mutuncinsa. Su kakanka kuwa rantsuwa suka yi ta shekaru, dokar soja na kansu dare da rana. Albashin farabiti sule ɗaya ne a rana. Kayan faretinsu jar dara da jar 'yar shara da ɗamara da gajeren wandon kaki, kuma kafin yaƙin Hitila ƙafa ba takalmi suke taka fareti. Tsatsar da za a yi wa Bature magana a kanta, shi gwale-gwale za ta jawo masa da kaya a baya cikin rana, ko kwanan gadurum, ko yankan albashi, ko abin da ya fi haka, wanda za ka gani a wasiƙa ta gaba. Baturen da ya fara da faretin la'asar yana iya wayar gari hafsa a kan mutanen da suka shekara ashirin a kaki. Baƙar fata kuwa komai ƙwarewarsa a samanja yake tsayawa. Sai a 1948 aka fara ba ɗan Najeriya muƙamin hafsa.

Ban faɗi haka don in rage wa 'yan sa-kai daraja ba. Na Hong Kong sun yi yaƙi na gaske da Japan a Disambar 1941, har da dattawan da suka haura hamsin suka tsare gidan wutar lantarki, da yawansu a nan suka kwanta dama. A nan Ikko ma, a Janairun 1942, Gwamna Bourdillon ya ba da ma'aikatan gwamnati 17 da suka sa kansu, suka bi wasu sojojin Ingila a jiragen ja guda biyu zuwa tsibirin Fernando Po, suka yanko jiragen ruwa uku na Italiya da Jamus cikin dare suka nufo Legas da su. Zuciya ba ta da launi. Tsarin ne ya auna mutane da mudu biyu.

Tun da a Obalende kake, ka sani a kan tarihin soja kake taka kekenka. A 1863, shekara biyu bayan Ingila ta karɓe Ikko, wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya tara 'yan Arewa 18 ya ba su bindiga ya koya musu fareti, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga wannan shekara rundunar sojan Najeriya ke ƙirga shekarunta har yau. Sun bi shi ƙasar Asante, a Ghana ta yau, a 1873, an yi yaƙin Ijebu da su a 1892. Tarihin yana da ɗaci a bakinmu, domin irin wannan runduna ce Turawa suka shiga Kano da Sakkwato da ita a 1903, kuma bai kamata mu ɓoye wa 'ya'yanmu hakan ba. Dattawan unguwarku suna cewa da can sojojin Hausawa a wajen filin sukuwa suke zaune, inda yanzu Dandalin Tafawa Ɓalewa yake, aka tashe su aka kawo su inda kuke, shi ne asalin sunan a Yarbanci, wato sarki ya koro mu nan. Sunayen barikokin da kake wucewa kullum kuma filayen daga ne: Myohaung da An a Yaba, Arakan da Tamandu a Apapa, duk daga Bama aka kawo su. Marda da Abalti daga Habasha.

TAMBAYA

Malam, ina gaisuwa. Mahaifinmu ya yi soja a zamanin Turawa, ya rasu da tabon bulala a bayansa. Bai taɓa faɗa mana dalili ba, kuma ko a tsakar gida ba ya zama ba riga. Yanzu ƙanena ya kafe cewa bulalar nan ce ta sa sojan da ya fi na yanzu ladabi, har da ita yake tarbiyyar 'ya'yansa, yana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni raina bai kwanta ba. Gaskiya ne bulala ce ta yi sojan da?

'Yar'uwarka daga Zangon Agege

AMSA

Hajiya, Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya sa abin da ya sha ya zama kankarar zunubi. Na daɗe a kan wasiƙarki kafin in ɗauki biro, saboda maganar rigar nan. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye wa 'ya'yansa bayansa, ai ya riga ya ba ku amsa.

Ga abin da za ki kai wa ƙanenki. Ingila ta hana yi wa sojanta bulala tun 1881. Amma a rundunoninta na Afirka ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1946. Shekara 65 ke nan tsakani. An sha taƙaita ta a takarda, in yaƙi ya zo kuma a sassauta. Ki tambaye shi: in da bulala ce ke yin soja, me ya sa suka ɗauke ta daga bayan 'ya'yansu suka bar ta a bayan namu? Wanda ya san abu magani ne, ai ɗansa yake fara ba wa. Hujjar da hafsoshin da ke kare ta suke kawowa ita ce wai baƙar fata ba ya jin magana sai da duka, kuma kulle soja a gadurum asarar hannu ɗaya ce a aiki. Raini ne da neman sauƙi, aka sa musu rigar horo.

Mahaifina ya ga an yi wa mutum sau ɗaya a wani sansani, kuma har ya tsufa in ya zo wurin nan a labari muryarsa takan sauka. Wani yaro ne daga kamfaninsu, ɗan wajen Haɗeja, ya je ganin matarsa da ta haihu ya kwana biyu bai dawo ba. Aka busa bigila, aka jera kamfani gaba ɗaya ta gefe uku, aka kwantar da shi a tsakiya. Ana bugawa ana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. Yaron bai yi kuka ba. Da aka gama ya miƙe ya ƙame ya sara wa hafsan da ya yanke masa hukuncin, don haka doka ta ce. Mahaifina ya ce kafin ranar, yaron nan shi ne mai ba da waƙa in ana tafiyar ƙasa, shi ne mai karɓar kayan wanda ya gaji. Bayan ranar bai ƙara buɗe baki ba. Abin da aka ce ya yi shi yake yi, ba ƙari ko na ƙwayar zarra. Ba a yi wata biyu ba aka wayi gari babu shi, ya bar kakinsa a ninke a kan gado. Kamfanin ya yi asarar soja, kuma sauran da suka tsaya suka kalla, kowa ya koyi ɓoye laifi, ba barin laifi ba.

Abin da ya riƙe su a dajin Bama daban ne. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta tafi a 1943, ta 82 ta bi ta a 1944, suka haɗu suka ci Myohaung a Janairun 1945. Ƙasa ce ta duwatsu da ruwan sama da sauro, inda mota ba ta shiga, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuma daga jirgin sama ake jefo shi. A can zazzaɓi ya fi harsashi kwantar da mutane. To ga horon da ya ceci rai: kullum da yamma a yi sahu, saje ya bi mutum ɗaya-ɗaya ya sa masa ƙwayar mefakirin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a baki, mai ɗacin tsiya, ya sha ruwa, sannan ya faɗi lambarsa da ƙarfi don a tabbata ya haɗiye bai maƙale ta a kumatu ba. Rana ta faɗi, kowa ya sauke hannun riga. Samanjansu kuma, wani dattijo Babarbare, kowane dare sai ya bi ramuka da 'yar fitila a rufe da hannu yana cewa a cire takalmi ya ga ƙafa. Wanda ya ga tsakanin yatsunsa ya fara ruɓewa, da kansa zai kai shi wurin mai magani. Ba ya cin abinci sai ya ga kowa ya samu. Mahaifina ya ce in wannan mutum ya dube ka ya ce "ka ba ni kunya", ka gwammace a yi maka bulala goma. Don shi suke tsayawa a rami in dare ya yi tsanani, ba don tsoron kowa ba.

Irinsu suna da yawa, kuma akwai wanda tarihi ya riƙe sunansa: Chari Maigumeri. Da Jamus ya fara soja a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, ya shiga rundunar Najeriya a 1917, ya zama babban samanjan bataliya, ya yi Habasha ya yi Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Hafsoshi Turawa suna zuwa suna tafiya, irin su Chari ne ginshiƙin.

Kada ki manta da harshe da gida ma. Umarnin fareti da Turanci ake ba da shi, amma bayani da faɗa da lallashi duk da Hausa ne, har hafsa Bature sai ya ci jarrabawar Hausa. A bariki soja da iyalinsa yake zaune, akwai liman, akwai magajiya mai kula da sha'anin matan sojoji, ta raba faɗa, ta duba tsabtar layi. Mutumin da ya san an san matarsa, an san sunan ɗansa, albashinsa zai zo ranar da aka ce, shi ne ke jin magana.

Wani abu da ya faru a nan Ikko zai nuna miki yadda masu mulkin suka ɗauki kakin baƙar fata. A 1944 ɗaliban King's College suka yi bore saboda an ba soja ɗakunan kwanansu an mayar da su wani wuri marar kyau. Hukuncin da aka yi wa takwas daga cikinsu shi ne a sa su soja dole, kuma ɗaya ya rasu a can. Kin ga kakin da Bature ke sawa da la'asar don girma, shi aka mayar sanda a kan yaranmu. Fushin wannan al'amari yana cikin abin da ya haifi jam'iyyar NCNC ta 'yan kishin ƙasa a watan Agustan shekarar, Herbert Macaulay na shugaba, Nnamdi Azikiwe na sakatare, kuma a zauren tunawa da Glover aka yi taron.

Karin maganar da ƙanenki ya kawo gaskiya ce, amma mai tanƙwara icce a hankali yake bi, yana ɗaurewa yana dawowa yana dubawa. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban matarsa ko yaransa ba. Kada ki fara da laifinsa. Ki tambaye shi ko ya taɓa ganin bayan Baba, sannan ki tambaye shi me ya sa a ganinsa Baba bai taɓa ɗaga rigar ya ce ku zo ku ga abin da ya gyara ni ba.

TAMBAYA

Malam, ni ne shugaban 'yan sintiri a wani ɓangare na kasuwa a wajen Mile 12. Mu kusan arba'in ne, duk sa-kai, ba mai albashi. Matsalata yara ba sa zuwa a kan lokaci, wani sai ya ga dama. Akwai wani tsohon soja a cikinmu da ya ce a bar masa su, tsallen kwaɗo da dorina za su daidaita kowa, har da ɓarawon da muka kama. Me ka gani?

Naka, shugaban 'yan sintiri

AMSA

Shugaba, sannunku da ƙoƙari. Mutumin da ya wuni yana sauke buhun albasa da kwandon tumatir, sannan ya hana idonsa barci don dukiyar wasu, ba ƙaramin abu ya bayar ba. Ka fara riƙe wannan a ranka, domin yaranka sojan la'asar ne, ba sojan bariki ba. Ba ka biyansu, ba su yi maka rantsuwa ba. Ranar da ka sa ɗan wani tsallen kwaɗo a gaban 'yan kasuwa, gobe ba za ka gan shi ba, kuma waɗanda za su rage maka su ne masu sha'awar dukan mutane. Da irinsu ƙungiyar tsaro ke rikiɗa ta zama abin tsoro.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane dare a kira suna a rubuta wanda ya zo da lokacin da ya zo, a gabansa. Ka raba su rukuni-rukuni, kowa ya san darensa tun farkon wata, kada ka ɗora wa mutum fiye da dare biyu a mako, don yana da sana'a da iyali. Ku zauna gaba ɗaya ku yanke adadin fashin da in mutum ya kai ba uzuri za a karɓe rigarsa da usur ɗinsa, kuma in ya kai ɗin a karɓe, ko ƙanenka ne. Wannan shi ne hukunci mafi zafi a hannunka, kuma ya isa. Tocila da usur da sanda a ƙirga su wajen fita, a ƙirga wajen dawowa.

Tsohon sojan nan kada ka kore shi, akwai ilimi a wurinsa. Ka ba shi rabin awa sau ɗaya a mako, bayan la'asar, ya koya musu tsayuwa a sahu, da yadda ake sintiri biyu-biyu ba a rabuwa, da busar usur da kowa zai gane ma'anarta, ta wuta daban ta ɓarawo daban, da yadda ake tsayar da jini in an ji wa wani rauni. Amma ka gaya masa a gaban dattawan kasuwa cewa dorina ba ta cikin kayan aiki.

Ɓarawo kuwa, kamawa ce taku, hukunci ba naku ba ne. Ku riƙe shi, ku kare shi daga taron jama'a, ku rubuta abin da aka samu a hannunsa da shaidu, ku miƙa shi ga 'yan sanda. Kun san garin da muke zaune. Duka ɗaya da ya zo da ƙarar kwana, kafin gari ya waye an mayar da shi rikicin ƙabila, kuma kasuwar nan ta ga irin wannan a baya. Saboda haka ka kai sunayen yaranka ofishin 'yan sanda na yankinku da wurin shugabannin kasuwa, ku kuma san jami'an tsaron unguwanni na jihar Legas da ke yankinku, su san ku.

Ka roƙi 'yan kasuwa su ɗauki nauyin shayi da burodi na masu kwana, da batirin tocila, da kuɗin magani in wani ya ji ciwo a bakin aiki. Kai kuma ka riƙa riga kowa zuwa. In shekara ta zagayo, bayan sallar idi, ka buɗe littafin a gaban Sarkin Hausawa da dattawa, ka kira sunan waɗanda ba su yi fashi ba, a ba su ko da yadin shadda ne a yi musu addu'a.

Ka fara littafin daga daren Asabar mai zuwa. Bayan wata uku ka rubuto mini mutum nawa suka rage a ciki, da sau nawa aka fasa rumfa a tsakanin.